Daga Ƙwaya Biyar Zuwa Ɗaya: Yadda Na Kwashe da Sukari da Masu Maye Gurbinsa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karya kumallo a teburin mai shayi ɗaya, a bakin titin da ke kaiwa wurin aikinmu a Zariya, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa buɗe baki na faɗi yawan sukarin da za a sa mini ba, domin mai shayin ya riga ya san hannuna. Da ya hango ni zai jefa ƙwaya biyar na sukarin kwali a babban kofi, ya tsiyaya madara, ya ɗaga hannu sama yana sheƙa shayin daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, sannan ya turo mini shi tare da burodi da wainar ƙwai. Ban taɓa ɗaukar kaina a matsayin mai shan zaƙi ba, saboda ba na sayen alewa, kuma cakulan ba ya gabana. Ciwon gwiwa da haki idan na hau bene ne suka kai ni asibiti, inda sikeli ya nuna kilo 97, gwajin jini kuma ya nuna cewa ina bakin iyakar ciwon suga, cutar da mahaifina ya yi fama da ita har ƙarshen rayuwarsa, Allah Ya ji ƙansa. Likitan bai ba ni magani ba a ranar. Ya ce in je in yi mako guda ina rubuta duk wani abu mai zaƙi da ya wuce maƙogwarona, in dawo masa da takardar.

Wannan takarda ce ta kunyata ni. Ƙwayar sukari guda tana ɗauke da giram 4 zuwa 5, don haka shayina na safe kaɗai ya kai wajen giram 25. Da azahar nakan kora abinci da lemon roba mai santilita 50, wanda sukarin da ke cikin irin wanda nake sha ya haura giram 50. Da la'asar akwai zoɓon da wata baiwar Allah take kawo mana ofis a kula, da dare kuma akwai furar da uwargida take dama mini da cokali uku masu tozo. Da na haɗa lissafi sai na ga na wuce giram 100 a rana, tun kafin a ƙirga ranakun suna da ɗaurin aure. Giram 100 a kullum kilo 3 ke nan a wata, kilo 36 a shekara, wato ni kaɗai ina shanye kusan kashi uku cikin huɗu na buhun sukari mai kilo 50, irin wanda masu gidan burodi suke saye. Kowane giram na sukari yana ba jiki kalori 4 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), kenan sama da kalori 400 nake kurɓewa a kullum ba tare da sun kore mini yunwa ba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum yake samu a rana, abin da ya kama kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12, ga baligin da ke cin kalori 2,000, ta kuma ce idan an iya saukowa zuwa giram 25 ya fi. Ni kuwa nakan cinye wannan kason na biyu tun kafin in sa hannu a littafin zuwa aiki.

Matakin farko da na ɗauka shi ne wanda kusan duk Bahaushen da aka ce wa ya rage sukari yake ɗauka, wato na koma zuma. Na sa aka kawo mini galan guda daga ƙauye, na cika ƙaramar kwalba ina zuwa da ita teburin mai shayi, ina zubawa ba awo, raina fes, domin ai zuma waraka ce, Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a Suratun Nahli. Wata biyu na yi a haka, da na koma kan sikeli sai na tarar da kilo 97 ɗina na nan daram, har da ɗan ɗori. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyin zuma sukari ne, kuma da yake ta fi sukarin gari nauyi a cokali, babban cokali ɗaya nata yana ɗauke da kalori 64, alhali na sukari bai kai 50 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka tace a cikin lissafin waɗancan giram 50 ɗin. Ban daina ganin girman zuma ba, amma na lura cewa duk abin da aka kira magani yana da awo, kuma babu wanda yake shan magani da ludayi sau uku a rana. Wannan kuwa idan an yi sa'a zumar ta gaskiya ce, domin kowa ya san akwai marasa tsoron Allah da ke dafa sukari ya yi kauri su haɗa da 'yar zuma da gutsattsarin saƙa su kai tasha.

Mazarƙwaila ma na gwada ta, saboda wani abokin aikina ɗan wajen Maƙarfi ya yi ta yaba mini ita, yana cewa tsantsar rake ce, babu sinadarin kamfani a ciki. Gaskiyarsa ta wannan fuska, tunda ruwan rake ne ake matsewa a dafa har ya daskare, kuma ƙamshinta a koko ya fi na farin sukari nesa ba kusa ba. Sai dai farin sukarin ma daga raken nan ya fito, bambancin kawai an tace shi an raba shi da baƙin ruwan da ke ba mazarƙwaila launinta. 'Yan ma'adanan da suka rage a cikinta ba su taka kara sun karya ba, jiki kuma yana karɓar ta kamar yadda yake karɓar ɗan uwanta.

Dabino ya fi su wuyar sha'ani, domin shi ɗan itace ne cikakke, da ɓawonsa da harzarsa, kuma wannan harzar tana rage saurin da sukarinsa yake shiga jini, sannan taunawa tana ɗaukar lokaci. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne. Ƙaramin dabino irin wanda ake kawo mana daga Nijar bai wuce kalori 20 da ɗoriya ba, amma manyan nan masu laushi da alhazai suke zuwa da su tsaraba, akwai wanda guda ɗaya yake haura kalori 60. Uku a lokacin buɗa baki ba su taɓa cutar da ni ba, kuma ba ni da niyyar barin su. Abin da ya cuce ni shi ne kwanon da na ajiye a kan teburin ofis ina tsinta ina jifa a baki kamar gyaɗa, da kuma garin dabino da ruwansa mai kauri da ake tallatawa a Instagram da sunan maganin ƙiba. Da zarar an dafa dabino an tace shi an mayar da shi ruwa mai danƙo, an zubar da abin da ya bambanta shi da sukari.

Daga nan ne na shiga kyamis na sayi ƙwayoyin zaƙi marasa kalori, kuma na shiga ne da ɗar-ɗar, domin na taso ina jin cewa guba ne. Da na zauna na karanta tarihinsu sai na ga wasunsu sun girmi kakana. An gano sakarin a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, lokacin da wani masanin sinadarai mai suna Constantin Fahlberg ya ji zaƙi a hannunsa bayan ya taso daga ɗakin gwaji, kuma zaƙinsa ya ninka na sukari sau 300 ko fiye. Asfatem ma tsautsayi ne ya fito da shi a 1965, sa'ad da James Schlatter yake aikin haɗa maganin gyambon ciki ya lashi yatsansa, shi kuma ya ninka sukari kimanin sau 200. Sukuralos an samo shi ne a Landan a 1976 ta hanyar sauya ginin sukarin kansa yadda jiki ba zai iya sarrafa yawancinsa ba, zaƙinsa kuma ya kai ninki 600. Sitibiya kuwa ganye ce da mutanen Gwarani na ƙasar Faraguwai suka daɗe suna sawa a abin shansu tun kafin kamfanoni su san da ita. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi zaƙi a duniya a nan Afirka ta Yamma yake, domin shukar nan mai faffaɗan ganye da mutanen kudu suke naɗe alale da shi tana yin 'ya'yan da ake ciro wani sinadari daga cikinsu mai ninka sukari sau 2,000 ko sama da haka. Wanda yake son ya gane waɗannan abubuwa a jikin kwalba zai iya duba lambobinsu idan an rubuta, sakarin E954 ne, asfatem E951, sukuralos E955, sitibiya kuma E960.

Kowannensu da halinsa a baki. Sakarin yana barin wani ɗanɗano kamar mutum ya tsotsi tsabar kuɗi, kuma ranar da na fara sa shi a shayi na gane cewa na daɗe da saninsa, domin shi ne wannan zaƙin mai maƙalewa a maƙogwaro da nake ji a wasu ƙullin zoɓo da kunun bakin hanya, waɗanda masu yin su suke gudun tsadar sukari. Sitibiya tana zuwa da ɗan ɗaci a baya, irin wanda namijin goro yake bari, ko da yake a cikin zoɓo mai citta da kanumfari ɗacin yana ɓuya. Asfatem ya fi kama da sukari a harshena, amma ba ya jure zafi mai tsawo. Uwargida ta taɓa zuba shi a tukunyar kunun gyaɗa tun tana kan wuta, da aka sauke sai muka sha kunu salam kamar ba a sa komai ba. Haka kuma an hana shi ga masu wata cutar gado da ke hana jiki sarrafa sinadarin fenilalanin, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwanin da yake ciki. Sukuralos ne ya zauna mini a shayi, shi na fi daɗewa ina amfani da shi.

Ina cikin wannan hali ne aka fara turo mini saƙonni a WhatsApp cewa an tabbatar asfatem yana kawo ciwon daji. Da na bi diddigin maganar sai na ga a watan Yuli na 2023 ne cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin da ake kira 2B, rukunin abubuwan da ake da ɗan zargi a kansu amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A daidai lokacin kuma kwamitin masana na haɗin gwiwa da ke duba abubuwan da ake ƙarawa a abinci ya bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, har aka ba da misalin cewa mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemo marar sukari a kullum kafin ya tsallake ta. Wannan bai hana ni barci ba. Maganar da ta fi taɓa ni ita ce wadda hukumar ta fitar wata biyu kafin nan, a watan Mayu, wadda babu wanda ya turo mini ita, inda ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan abubuwa wajen rage ƙiba, saboda binciken da ta tattara bai nuna suna rage kitsen jiki idan tafiya ta yi nisa ba. Ta bayyana cewa shawarar ba yankan shakku ba ce, kuma ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba.

Ban buƙaci wani ya fassara mini dalili ba, domin na gan shi a kaina. Ranar da na sha lemo marar sukari da rana nakan ji kamar ina bin kaina bashi, sai in tsaya wurin mai tsire da yamma in ƙara tsinke biyu, ko in ɗebi cincin ɗin yara ina kallon labarai. Kalori 200 da na tsere wa da azahar sai su tare ni da magariba cikin wata rigar. Bayan haka harshena bai koyi komai ba, tunda kullum yana samun zaƙin da ya saba, wani lokaci ma fiye, don haka duk ranar da ƙwayoyin suka ƙare sai in koma gidan jiya. Amma ba zan yi musu butulci ba. Su ne suka raba ni da lemon roba a lokacin da ruwa zalla ba ya iya kora mini shinkafa, kuma kilo uku na farko da na sauke a wannan zangon na sauke su. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari da gwamnatin tarayya ta fara karɓa a 2022 bai taɓa sa na fasa saye ba, naira 5 ce fa a kan roba ɗaya, amma lemo marar sukarin ya yi wannan aiki cikin mako biyu.

Akwai wani dangin kuma da ya kamata in yi gargaɗi a kansa, domin na ji a jikina. Su ne irin su sobitol da zailitol da iritiritol, waɗanda ake sawa a cingam da alewar da aka rubuta wa cewa ba ta da sukari. Wata rana za ni Abuja a motar haya, na sayi fakitin irin wannan alewa a wani babban kanti, ina tsotsa ɗaya bayan ɗaya tun daga Kwangila, da tunanin ai ba ta da laifi. Kafin mu wuce Kaduna cikina ya fara ƙugi, muna dosar Kateri kuwa na ajiye girman kai na ce, "Direba, don girman Allah ka ɗan tsaya." Sau biyu na tsayar da motar, wani dattijo a gidan gaba yana ta yi mini sannu, matasan baya suna danne dariya. Ƙaramin hanji ba ya iya tsotse sobitol gaba ɗaya, sai ragowar ta wuce babban hanji ta janyo ruwa, ƙwayoyin bakteriyar da ke can kuma su yi ta aiki a kanta suna tara iska. Gargaɗin yana nan a bayan fakitin da ƙananan haruffa, ni ne ban karanta ba. Iritiritol bai kai sauran tayar da ciki ba, sai dai a 2023 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka sun wallafa sakamakon da ya danganta yawansa a jini da daskarewar jini da bugun zuciya, kuma da yake akwai hawan jini a gidanmu sai na bar shi ban ƙara waiwayarsa ba.

Abin da ya yi mini aiki daga ƙarshe ba shi da wani armashin ba da labari. Na ajiye ƙwayoyin kyamis na koma sukarin gaske, amma na ce wa mai shayi ya riƙa sa huɗu. Ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce masa likita ne ya sa ni gaba. Bayan mako uku muka koma uku, bayan wasu ukun muka koma biyu, kuma a nan na fi shan wahala, domin kwana goman farko shayin ya zame mini kamar ruwan wanke kofi. Na roƙe shi ya riƙa ƙara citta da kanumfari a tukunyar, ni kuma na riƙa zuwa da ɗan garin kirfa a aljihu, sai yajin da ƙamshin suka cike wani ɓangare na gurbin. A gida uwargida ta koma dafa zoɓo da ɓawon abarba, ta rage masa tsami yadda cokali ɗaya zai ishe jug guda, kunun aya kuwa muka bar shi da zaƙin ayar da 'yan dabino kaɗan. Fura na koyi shan ta da nono mai kyau ba tare da komai ba, kamar yadda kakata take sha. Wani bincike da cibiyar binciken ɗanɗano ta Monell da ke Filadelfiya a Amurka ta wallafa a 2016 ya nuna cewa mutanen da aka rage wa sukari sun fara jin abinci iri ɗaya ya fi musu zaƙi bayan wata biyu zuwa uku, ko da yake son zaƙin bai bar su ba. Haka na gani dukkan ɓangarorin biyu. Yanzu gwanda da mangwaro suna yi mini zaƙin da ban san suna da shi ba, amma har gobe idan na wuce mai tuwon madara sai na haɗiyi yawu.

Inda lissafi ba ya aiki shi ne gidan mutane. Ba a yin alkaki da sukuralos, domin sai an tsoma shi a ruwan zuma ko na sukari ya sha ya yi danƙo, haka nan dubulan da nakiya, sukari yana cikin ƙirarsu ne. Kuma idan surukarka ta aiko maka da su daga cikin garar ƙanwar matarka, ko ta sa aka dire maka faranti ranar Sallah, babu bakin da za ka buɗe ka yi mata bayanin kalori. Karon farko da na ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, likita ya hana," sai da ta kira 'yarta ɗaki ta tambaye ta ko wani abu aka yi mini. Tun daga ranar na canza dabara. Nakan karɓa da hannu biyu in yi godiya, in gutsiri rabin alkaki in ci a gabanta bayan na riga na ci abinci, sauran kuma a ƙulle wa yara. Lemon da aka kawo nakan bar shi a rufe in nemi ruwa, tunda lemon da ba a buɗe ba yana komawa firji ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Ga wanda yake shan maganin ciwon suga ko allurar insulin kuwa, kada ya bi sawuna sai ya zauna da likitansa, domin idan sukarin jininsa ya faɗi har ya fara rawar jiki da gumi, sukarin gaske ne zai tashe shi, ƙwayar kyamis ba za ta yi masa komai ba.

Wata goma sha huɗu ke nan da waccan takarda, kuma sikeli yana nuna kilo 88. A makon jiya mai shayi ya je gida, ya bar wani sabon yaro a teburin, yaron ya dube ni ya ga tumbina bai gama sauka ba, ya jefa ƙwaya biyar bai tambaya ba. Kurɓa biyu na yi na ajiye kofin, domin ji na yi kamar an narka alewa a ruwan zafi. Washegari da ubangidansa ya dawo ya ji labari sai ya ce masa, "Kai, Malam guda ɗaya yake sha, ita ma sai ka tambaye shi." Wata biyu ke nan sikelin ya tsaya cak a 88 ɗin nan, kuma da na koma wurin likita bai ko ɗaga maganar sukari ba, malmalar tuwo ta biyu ya tambaya, wadda har yanzu ni da uwargida ba mu cimma matsaya a kanta ba.